Darasi na 9: Zaɓen amfilifayar jita don koyo a gida

Jitar lantarki ba ta da murya sai an ara mata. Idan ka kaɗa tsirkiyarta ba ka haɗa ta da komai ba, wanda ke zaune a bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Akwatin da ke ɗaga muryar shi ne amfilifaya, wadda makaɗan ƙasarmu suka fi sani da ampili. A wannan darasi za mu ga yadda ake zaɓen wadda za a yi koyo da ita cikin ɗaki, a gari irin Bazaga da ƙauyukan da ke kewaye, da yadda ake karanta lambobin da ke jikinta, da ɗan lissafin da zai tsare wa mutum kuɗinsa.

Wani zai ce me ya kawo jita cikin littafin yaƙi da jahilci. Amsar tana nan cikin jiharmu ta Tawa. Mdou Moctar, wanda yau ake cika manyan zauruka a Turai da Amurka don jin kiɗansa, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, nan ƙetaren iyaka, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, shi ma a yankin Abalak, da jitar yayanta ta koya wa kanta, ga shi ƙungiyarta Les Filles de Illighadad ta zaga duniya. Gasar kiɗan zamani ta ƙasa da aka soma a 1987 ma sunan mawaƙin Tawa aka sa mata, wato Ɗan Gurmu. Kiɗan jita sana'a ce da ake ci da ita a biki da suna da taro, kuma kowace sana'a tana da kayan aikin da ya kamata mutum ya san yadda zai saye su.

Abin da ke cikin akwatin

Ɗauki jitar ka duba ƙarƙashin tsirkiyoyin nan shida. Za ka ga wasu ƴan sanduna biyu ko uku a gicciye, yawanci kowanne da ɗigon ƙarfe shida. Kowannensu shi ne maɗaukin sauti, makaɗa kan ce masa mikro. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da wata wayar jan ƙarfe siririya ƙwarai, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai wata ƴar wuta ta taso cikin wayar, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Ita ce ke bin igiya ta shiga amfilifaya. A can ciki sashe na farko ya ɗaga ta ya gyara mata zaƙi, sashe na biyu ya ba ta ƙarfin tura lasifika, lasifika ta girgiza iska, kunne ya ji.

Wanda jitarsa mai rami ce, wato ta katako mai yin ƙara da kanta, ba ya bukatar amfilifaya don koyo. Ya ajiye kuɗinsa ya sayi tsirkiya. In wata rana ya so ɗaga murya, akwai ɗan faifan da ake mannawa a jikin katako mai ɗaukar girgizar itacen kansa, wanda ma ana iya liƙa wa gurmi ko molo ko garaya.

A fara da wuta

Mai saye yakan shiga shago ya ce, "Wat nawa ce wannan?" Ya tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda a gida ake amsa ta tun ba a hau mota ba: da wace wuta zan kunna ta?

A karkarar Nijar gidajen da layin NIGELEC ya isa gare su kaɗan ne. Inda ya isa ma, kowa ya san halinsa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta ƙara wa yankin ƙarfi, amma ba a manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu aka yi watanni ana ɗauke kuran ba dare ba rana. Koyon jita kuwa kullum ake yinsa. Rabin awa kowace rana ya fi awa huɗu ranar Juma'a kaɗai, don yatsu da maimaici suke sabawa. Amfilifayar da sai an kawo wuta take aiki za ta riƙa yanke maka koyo a ranakun da kake da sarari.

Saboda haka, ga mutumin Bazaga, shawarata ita ce ƙarama mai cin batir. Kamfanonin duniya sun daɗe suna ƙera irinta. Pignose ta Amurka, mai wat 5, tun shekarun 1970 take kasuwa. Roland Micro Cube ta Japan ta fito a 2004, wat 2 ce kacal. Akwai Blackstar Fly 3 mai wat 3, da Boss Katana Mini mai wat 7. Dukkansu ƙananan batira shida suke ci, irin na tocila da rediyo masu alamar AA, kuma in an sami batira masu caji, ɗan fanel ɗin sola na gida ya isa ya riƙa cika su. Ban kawo waɗannan sunaye don lalle sai su ba. Akwai ƙirar Sin masu sauƙin kuɗi da ke bin wannan tsari. Na kawo su ne don ku san irin abin da za ku nema.

Wanda ke da wutar NIGELEC tsayayya yana iya sayen mai fulogi, amma ya juya bayan akwatin ya karanta ɗan allon da ke kusa da inda waya ta shiga. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka bolt 120 suke ci, na Japan bolt 100. In ka ga 120V ko 100V kaɗai, kada ka kuskura ka cusa ta a soket, don nan take tiransifomarta za ta ƙone, kuma warin ƙunar shi ne kawai abin da zai rage maka. Wadda aka rubuta wa 220V ko 230V, ko kuma 100-240V, ita ce tamu. Mai fulogi tana son sitabilaiza a gabanta, musamman inda ake amfani da janareta, saboda wutar da ke hawa da sauka.

Masu sola su lura da abu guda. Inbata mai araha ba ta fitar da wuta sumul, kuma amfilifaya tana jin wannan fiye da fanka ko talabijin. Sai ka ji wani zuuu yana fita daga lasifika ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Ba lalacewa ta yi ba, wutar ce. Mai cin batir ba ta da wannan matsala.

Ɗan lissafi

A ce kana da batirin babur da aka rubuta wa 12V 7Ah. Ninka 12 da 7, ka sami 84. Wannan shi ne abin da ya ƙunsa: zai iya ba da wat 84 na awa ɗaya. Amma irin wannan batir, in ana so ya yi ƙarko, rabinsa ake sha kafin a mayar da shi caji. Rabin 84 shi ne 42.

Yanzu ga amfilifaya biyu. Ta farko mai fulogi ce, an rubuta a bayanta tana cin wat 30. Raba 42 da 30, ba ka kai awa ɗaya da rabi ba, ban da abin da inbata za ta ci nata. Ta biyu ƙarama ce, tana cin wat 2. Raba 42 da 2, ka sami awa 21. Batir ɗaya ne, amma ta farko ta ba ka dare guda, ta biyu ta kai ka makonni.

A nan akwai lambobi biyu da ake rikitawa. Wat ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali shi ne ƙarfin da take tura wa lasifika. Wanda ke kan allon baya shi ne abin da take ci daga wuta, kuma a masu fulogi yakan fi na gaban yawa. Na bayan ake lissafi da shi.

Kada a haɗa ƙaramar amfilifaya kai tsaye da batir mai bolt 12 in ba haka aka rubuta a jikinta ba. Da yawansu bolt 9 suke so, wasu ƙasa da haka, don haka sai an sa ɗan abin rage wuta a tsakani. Sannan bakin cajar Roland da Boss, tsakiyarsa ita ce mai alamar ɗebewa, akasin yawancin cajojin da muke da su a gida. Akwai ɗan zane kusa da ramin da ke nuna haka. Wanda bai gane zanen ba ya kai wa mai gyaran rediyo ya duba masa kafin ya haɗa.

Wat nawa ya isa ɗaki

Kunne ba ya jin ƙara yadda lambobi ke hawa. In ka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ma'ana, mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi mai wat 5 a kunne, ba ninki goma ba. Kuma wat ɗaya tak, in ya sami lasifika mai kyau, ya isa ya hana mutum biyu jin maganar juna a ɗaki.

Don koyo, daga wat 2 zuwa 10 sun wadatar. In an kai 20, an kai maƙura. Fender Frontman 10G, mai wat 10 da lasifika inci 6, da Fender Champion 20, mai wat 20 da lasifika inci 8, misalai ne na masu fulogi da aka yi don ɗaki. Faɗin lasifika ya fi yawan wat tasiri a kan daɗin sauti: mai inci 3 muryarta siririya ce, mai inci 6 ko 8 tana fitar da kaurin tsirkiyoyin sama. In kuɗinka ya kai ka zaɓi tsakanin ƙarin wat da faɗin lasifika, ɗauki faɗin lasifika.

Na san abin da ke ran samari. Sun ga makaɗan Agadas a filin biki, irin su Etran de L'Aïr, ƙura na tashi jita na tsage iska, sai su ce bari in sayi babba tun yanzu in huta, ranar da na ƙware ba sai na sake saye ba. Wannan lissafi ba ya fita. Roland JC-120, wadda aka soma ƙerawa a 1975 kuma manyan makaɗa ke ji da ita har yau, wat 120 ce, lasifika biyu masu inci 12, nauyinta ya haura kilo 25. Shigar da ita ɗakin kwana don koyon kama tsirkiya tamkar ɗauko tirela ne don kai buhun albasa ɗaya kasuwar Galmi. Za ta cinye kuɗin, ta cinye wutar, kuma ba za ka iya murɗa ta ta wuce lamba ɗaya ba. Ranar da aka fara gayyatarka biki, hayar kayan sauti ake yi, ko ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya. Wanda ke da wuta da hali, kuma ya nace sai mai yin aiki biyu, akwai irin Boss Katana-50, wadda ke da maɓallin sauke ƙarfinta daga wat 50 zuwa rabin wat.

Kunnenka da maƙwabtanka

Gidajenmu a haɗe suke, katanga ɗaya ko darni ke raba su. Akwai tsoho mai barcin rana, akwai jariri, akwai mara lafiya, akwai makarantar allo, ga lokutan salla. A gidaje da yawa iyaye ba sa son ɗansu ya kama kiɗa tun farko. Shi kansa Mdou Moctar bai sami yardar gida da sauƙi ba. Wanda ya cika unguwa da ƙarar koyo, alhali bai iya komai ba tukuna, ya ba masu hana shi hujja. Don haka kada ka sayi amfilifayar da ba ta da ramin da aka rubuta wa PHONES. Nan ake cusa abin sauraro na kunne, lasifika ta yi shiru, kai kaɗai ke jin kanka. Wannan ɗan rami ne zai ba mace damar koyo a ɗakinta bayan ta gama aikin gida, ya ba manomi damar koyo da dare. Akwai ma wasu, irin Vox amPlug, da ba su da lasifika sam, a jikin jitar ake cusa su, ƙananan batira biyu suke ci.

Amma abin kunne yana da nasa haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma da ƙarar ta haura haka lokacin yana raguwa da sauri. Ba mu da ma'auni a gida, amma akwai alama: in ka cire abin ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce iyaka. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, makaɗi kuwa da kunnensa yake aiki.

Rami na biyu da ya kamata a nema shi ne AUX. Ta nan ake haɗa wayar salula, waƙa ta fito ta lasifika ɗaya da jitar, ka riƙa bin ta. Yawancin makaɗanmu da kunne suka koya, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi.

Amfilifaya kanta iri uku ce a kasuwa. Mai bawul, wato kwalaben gilashi masu yin ja in sun ɗau zafi, sautinta na da daɗi, amma tana da tsada da nauyi, ba ta son girgizar hanya, kuma samun bawul a yankinmu aiki ne. A bar ta. Mai tiransisto ita ce jarumar karkara: tana jure wahala, kuma masu gyaran rediyo na Ƙonni da Malbaza da Illela sun san cikinta. Ta uku mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, tana kwaikwayon muryoyi iri-iri, wata ma har da ganga da abin saita tsirkiya a ciki. Tana da amfani, sai dai in ƙwaƙwalwar ta mutu gyaranta da wuya. Manyan lasifikokin Bluetooth masu taya da suka cika kasuwa, wasunsu na da ramin jita, kuma wanda ya riga ya mallaki ɗaya yana iya farawa da ita. Da igiya za a haɗa, don sautin da ya bi ta Bluetooth yana makara, sai ka kaɗa kafin ka ji. Ramin makirufo kuma yana dusashe muryar jita.

A shago

Kayan kiɗa ba hajar kasuwar ƙauye ba ne. Sai an je Ƙonni an tambaya, ko Maraɗi, ko Yamai, ko a ƙetara ta Illela ta Najeriya zuwa Sakkwato ko Sabon Garin Kano. Tun da hanya da nisa, mayar da kaya ba sauƙi, kada a yi cinikin biri a sama. Tafi da jitarka da igiyarka. Ga yadda zance kan kasance:

"Alhaji, a taimaka a kunna mini wannan in ji."

"Ai sabuwa ce dal, samari, ko kwalinta ba a buɗe ba."

"Allah ya ƙara kasuwa, Alhaji. Daga Bazaga na taso, in na kai ta gida ta ƙi, dawowa wuya. Ga jitata nan na zo da ita."

Mai shagon kirki ba zai ƙi ba. In an kunna, kada ka fara kiɗa. Sauke komai ƙasa ka kasa kunne: ɗan huci kaɗan ba laifi, amma gurnani mai ƙarfi alamar ciwo ne. Sai ka murɗa kowane maɓalli a hankali daga farko zuwa ƙarshe. In ka ji ƙarar-ƙarar, ƙura ce ta shiga, ana iya wankewa, amma dalilin neman ragi ne. Girgiza kan igiya a cikin raminsa ka ji ko sauti na yankewa. Kaɗa tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, ka bar ta ta yi ta amo har ta mutu. In ka ji kakkaɓi, takardar lasifika ta yage ko wata ƙusa ta kwance. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa. Gwada ramin abin kunne. Manyan sunaye kuma ana yin jabunsu, don haka kunnenka ya fi tambarin da ke gaban akwati gaskiya.

Akwai maɓallin da aka rubuta wa GAIN, akwai VOLUME. Na biyun ƙara yake ɗagawa. Na farkon kuwa, in ya yi yawa, muryar ce ke dishewa ta yi kaushi, irin wadda samari ke so. Ka gwada amfilifaya da GAIN a ƙasa, haka kuma za ka yi koyo da ita. Kaushin nan yana rufe kuskure: yatsa bai danne tsirkiya sosai ba, amma ba ka ji ba. Tatacciyar murya ita ke tona maka asirin hannunka, kuma abin da kake nema ke nan daga amfilifayar koyo. Kiɗan jitar Sahara ma, in ka saurari Tinariwen ko Abdallah Oumbadougou, a kan tsabtar yatsu aka gina shi.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan akwati. Rage na igiya mai kyau, mai kai milimita 6.35, da tsirkiya ta ajiya, da batira masu caji. Igiya mai araha ita ce tushen yawancin ƙarar da ake ɗora wa amfilifaya laifinta.

Tsaron rai da kula da kaya

Wannan sashe a karanta shi sau biyu. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin igiya. In mai fulogi ta sami matsala a ciki, kuma soket ɗin gidan ba shi da wayar ƙasa, wutar tana iya biyowa ta tsirkiya ta shiga jikin mai kiɗa. Haka Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a 1976, a gidansa, yana kaɗa jita. In ka taɓa tsirkiya ka ji ɗan tsikari, kashe nan take ka kai gyara. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan ƙasa mai laima, kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, kuma in hadari ya taso da damina ka zare fulogi. Kada ka buɗe bayan akwatin da kanka, don akwai wutar da ke kwana a ciki ko bayan an kashe. Mai cin ƙananan batira ba ta da wannan haɗari, kuma wannan ma dalili ne na fifita ta a gidan da yara ke rarrafe.

Sauran kula mai sauƙi ce. Da hunturu a lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta a rana. A ɗora ta a kan kujera ko benci saboda gara da ɓeraye da ruwa. In za a yi kwanaki ba a kunna ba, a cire batira kada su zubo. Kada a haɗa mata jitar bes a ɗaga murya, don kaurin bes yana yaga ƙaramar lasifika.

Tambayoyi da aiki

1. An kawo maka amfilifayar gwanjo, a bayanta an rubuta 120V. Me za ka yi, kuma don me?
2. Batir mai 12V 20Ah, in rabinsa za a sha, awa nawa zai riƙe na'ura mai cin wat 5?
3. Me ya sa ya fi kyau a yi koyo da GAIN a ƙasa?
4. Ku tattauna cikin rukuni: a unguwarku, wane lokaci ne mutum zai iya koyo da lasifika a buɗe ba tare da ya cutar da kowa ba?

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya juya bayan rediyo ko caja ko fankar gidansa ya kwafo lambobin da ke kan allon cikin littafinsa, za mu karanta su tare a aji. Wanda ke da jita ya zo da ita.